Kun tambaya: maganin "ƙarin iska a jini", na'urar yatsa da allurar ɗan kokowa

Wata baiwar Allah daga Tawa ta rubuto: "Wata huɗu ke nan da na haihu. Ko bokitin ruwa na ɗauko sai numfashina ya yi sama-sama, ga jiri. Mai tallar magani ya nuna mini wani siro, ya ce yana ƙara iska a jini. Ƙanwata kuma ta ce gara in sayi na'urar nan da ake maƙala wa yatsa. Kuɗina na abu ɗaya ne. Wanne zan saya?"

Ƴar'uwa, Allah ya raya abin da aka samu, ya ba ki lafiya. Kada ki sayi ko ɗaya. Ki kai kuɗin nan asibiti a auna miki jini, a duba zazzaɓin cizon sauro a lokaci guda. Zan faɗa miki dalili, domin in kin gane shi, mai talla ba zai sake samun kanki ba.

Jikinki ya riga mai tallar sanin cewa oksijin, wato iskar da jini ke ɗauka daga huhu, bai ishe shi ba. Ƙwayoyin jiki kullum suna ƙera wani furotin da masana ke kira HIF, amma muddin oksijin na isowa yadda ya kamata, wasu sinadarai suna liƙa masa alama, wani furotin mai suna VHL ya gane alamar, a rushe shi cikin ƴan mintuna. Kamar takardar umarni ce da ake rubutawa ana yagawa tun kafin ta fita ofis. Masu sa alamar nan ba sa iya aiki sai da oksijin. Da zarar ya yi ƙaranci sai hannunsu ya mutu, HIF ya taru, ya shiga tsakiyar ƙwayar inda bayanan gado suke, ya kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado. Wasu su sa a tsiro da sababbin ƙananan hanyoyin jini, wasu su koya wa ƙwaya samun ƙarfi daga sukari ba tare da oksijin mai yawa ba, wasu su sa hanji ya ƙara zuƙar sinadarin ƙarfe daga abinci. A ƙoda kuwa, HIF ne ke kunna EPO, sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Gregg Semenza na jami'ar Johns Hopkins a Amurka ne ya gano HIF a farkon shekarun 1990, William Kaelin da Peter Ratcliffe suka warware yadda ake rushe shi a 2001, su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 2019.

Mace mai jego da ta zubar da jini wajen haihuwa, galibi umarnin nan ya daɗe da fita. Ƙodarta na ta aika EPO, ɓargo ya ji, amma ba shi da ƙarfen da zai haɗa himogulobin, wato abin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini. Babu siron da zai zuba miki oksijin a jini ta ciki. Huhu ne ƙofarsa. In awo ya nuna himogulobin ɗinki bai kai 12 ba, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa macen da ba ta da ciki, to akwai ƙarancin jini, kuma in na ƙarfe ne likita zai rubuta miki ƙwayar ƙarfe, wato fer, da ake samu a farmasi da arha. Za ta iya baƙanta bayan gida, kada ki tsorata. Ki sha ta har ƙarshen lokacin da aka ɗiba miki, sau da yawa watanni, ko da jirin ya tafi. Ki nisanta ta da shayi, don shayi na hana ƙarfe shiga jiki, lemun tsami kuwa na taimaka masa. Hanta, nama, wake da zogale su samu wuri a tukunya. Abu guda nake roƙo: mai sikila ko wanda aka sha yi wa ƙarin jini kada ya sha fer da kansa, domin ƙarfe na iya yi masa yawa ya cutar da shi.

Na'urar yatsa kuma ba banza ba ce, tana da amfani ga mai ciwon huhu. Sai dai abin da take aunawa shi ne ko himogulobin da ke akwai ya cika da oksijin, ba yawansa ba. Za ki iya samun rabin jinin da ya kamata, ta nuna miki kashi 98 cikin ɗari, ki koma ki kwanta da ciwonki. Haka take ruɗin mutane a lokacin ɗari: wanda ya shigar da garwashi ɗaki ya rufe ƙofa, gubar hayaƙin ta kama jininsa, na'urar na iya nuna masa lafiya lau. In numfashin ya tsananta ko kina zaune, ko ƙafa ta kumbura, ko ƙirji na ciwo, kada ki jira gobe, domin zuciya ma na iya raunana bayan haihuwa.

Wani matashi daga Yamai ya ce ƙanensa ɗan kokowa ne mai burin cin takobin gasar kokowa ta ƙasa. An yi masa tayin allurar EPO, an kuma nuna masa takunkumin atisaye da aka ce yana maye gurbin atisaye a kan tudu mai tsawo.

Malam, takunkumin asarar kuɗi ne kawai. Yana wahalar da jan numfashi, amma iskar da ke shiga iskar Yamai ce, ba ta canja ba. Ƴan gudun Kenya da ke atisaye a garin Iten suna kwana suna tashi a tudu mai kusan mita 2,400, inda oksijin ke da ƙaranci, makonni a jere, shi ya sa ƙodarsu ke samun saƙon. Sa'a ɗaya da ƙyalle a fuska ba ta isa ba.

Allurar ce ke tayar mini da hankali. Jikin mai lafiya yana rage EPO da kansa da zarar jini ya isa, allura kuwa tsallake wannan awon take yi. Jini ya yi kauri, hawan jini ya biyo baya. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu da gumin fili, sai jini ya daskare a jijiya, ya toshe hanyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa, a wayi gari saurayi mai ƙarfi ya shanye. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta EPO ga ƴan wasa, haka ma sababbin ƙwayoyin da ke hana rushe HIF, irin su roxadustat da Sin ta fara amincewa da shi a 2018.

An yi waɗannan magunguna ne don masu ciwon ƙoda, waɗanda ƙodarsu ta gaza yin EPO, irin bayin Allah da ke zuwa wankin ƙoda. Su ma likita ne ke sa musu, yana auna jini a kai a kai don kada ya wuce iyaka, kuma allurar a firij ake ajiye ta. Wadda ta kwana a jakar ɗan talla cikin rana, ba ka san me ya rage a cikinta ba. Ka zaunar da ƙanenka ka faɗa masa wannan da bakinka. In yana saurin gajiya a fili, ka kai shi a auna masa jini, a duba zazzaɓi da tsutsar ciki, kuɗin allurar kuma a sa su a abincinsa.