Ba duk 504 ce ɗaya ba, ɗana

Jiya da na mayar da kai kasuwa da safirin ɗin Fijo 504 da ka sayo, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke wa mota girgizar hanya, na ga ranka ya ɓaci. Da yamma muna wanke hannu ka ce mini, "Maigida, ai 504 na ce wa mai shagon, na 504 kuma ya ba ni. Ba duk ɗaya ba ce?" Magariba ta kawo jiki, ban samu amsa maka ba. To jawo benci ka zauna.

Sunan ne ɗaya. Peugeot ta fito da motar nan a Faransa a 1968, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. A can sun daina ƙera ta a 1983, amma a Kaduna da Kenya an ci gaba da haɗa ta har bayan shekarar 2000. Motar da aka shafe shekara talatin da ɗoriya ana yin ta a ƙasashe daban-daban, yaya za a yi kayanta su zama iri ɗaya? Shi ya sa idan Fijo ta shigo garejin nan, kafin ka buɗe bonet, ka shimfiɗa kwali ka kwanta ka leƙa bayanta.

A ƙaramar, mai but, ta asali, kowace tayar baya cin gashin kanta take, idan ɗaya ta faɗa rami ɗayar ba ruwanta. Daɗin zamanta ke nan. Ita kuwa doguwar da ke gabanmu, familiyal, wadda ta fito a 1971 da kujeru layi uku, an ƙara mata tsawo tsakanin tayoyi, daga mita 2.74 zuwa 2.90, aka ba ta aksil guda mai ƙarfi da safirin huɗu, biyu kowane gefe. Don kaya aka yi ta. Na sha ganin ta ta taso daga kasuwar Pitoa, kusa da nan Garwa, ranar Lahadi da mutane cike, buhunan albasa a sama, ba ta durƙusa ba. Safirin ƙaramar ka sayo mata. Akwai kuma ƙaramar da ake kira L, ta 1973, wadda aka sauƙaƙa wa farashi aka sa mata aksil guda, ka ga ko a cikin ƙananan ma sai ka duba. A-kori-kura, wadda muke ce wa bashe, ita safirin ɗinta na falle-falle ne irin na manyan motoci. Masu ƙofa biyu kuwa, har da mai inji V6, na tsere ne da 'yan gayu, ba su dame mu ba.

Tun kana kwance a ƙasan, ka lura farfela, sandar da ke kai juyin inji ga tayoyin baya, ba a fili take ba, tana cikin bututun ƙarfe daga giya har baya. Ƙura da duwatsun hanyar Guider ba sa taɓa ta. Wanda ya tsara wannan ya san akwai hanyoyi irin namu.

Yanzu inji. Za ka gan shi a kishingiɗe gefe guda, haka aka yi shi don bonet ya sauka ƙasa. Na fetur da za ka fi haɗuwa da su biyu ne: mai girman cc 1796 da mai cc 1971, wanda ake kira XN1. A ido kamar tagwaye suke, amma faɗin fistan na farko milimita 84 ne, na biyu 88. Ka sayo ringin wancan ka kawo wa wannan, ka yi asarar kuɗin mutane. Kada kuma ka yarda da rubutun da ke bayan mota, ko da abin da mai ita ya faɗa maka. Motar da ta shekara arba'in ta ci inji biyu ko uku, wani ma daga 505 aka ciro shi, tunda ita ma ta yi amfani da XN1. Ka goge jikin injin ka karanta lambarsa, in kana shakka ka auna. Masu shan gas, waɗanda ake kira Indenor, akwai mai cc 2112 da mai cc 2304. Ba su da gudu amma suna da haƙuri, abin da ba sa yafewa shi ne zafi.

Abin da ya sa nake ƙaunar injin fetur ɗin nan, kuma abin da nake so ka riƙe fiye da komai, shi ne shemiz, wadda 'yan Najeriya ke ce wa silif. Ramin da fistan ke hawa da sauka a ciki ba a jikin bulok aka haƙa shi ba. Bututu ne daban da ake zurawa, ruwan lagireto na zagaye bayansa kai tsaye. Idan ya cinye, ba sai ka ɗauki bulok ka kai wurin masu injin gogewa ba. Ka zare huɗun, ka zura sababbi da fistan ɗinsu, inji ya dawo yaro, a nan ƙarƙashin darbejiyar nan. Wannan ne ya raya motar a ƙasarmu har yau.

Amma a nan ɗin ne ake kuka. Ba abin da ke danne shemiz sai kan inji, kulas. Da ka cire shi, a zaune kawai take a kan siririn gasket da ke gindinta. Ina kamar shekarunka, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar ni da wata familiyal ya tafi jana'iza. Na cire kulas, na ga baƙi a kan fistan, sai na juya inji don in taso da shi in kankare. Shemiz ɗaya ta biyo fistan ta ɗan ɗaga, abin da bai kai kaurin farce ba, ta koma. Ban faɗa wa kowa ba. Muka ɗaure, mota ta tashi lafiya. Bayan kwana uku mai ita ya dawo daga hanyar Figuil, aka zaro ma'aunin baƙin mai, ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa. Ruwa ya bi ta gindin shemiz ya gauraya da mai. Mutumin da motar yake ciyar da gidansa, sati biyu tana ajiye. Maigidana bai zage ni ba, daga aljihunsa ya sayi kayan, kuma har yau idan na tuna fuskar direban nan sai in ji nauyi a ƙirjina.

Don haka idan za ka cire kulas, kada ka fizge shi sama, ka girgiza shi har ya saki. Yana fita, ka ɗauko ƙusoshi da manyan wosha ka danne bakin shemiz ɗin duka kafin hannunka ya taɓa fuli don juya inji. Wajen mayarwa, bakin kowace ya ɗan fi fuskar bulok tsawo, kamar kaurin gashi, kuma huɗun su yi daidai. Da ma'auni ake duba wannan, ba da yatsa ba. Sannan ka roƙi mai mota ya daina ɗura ruwan Binuwai a lagireto. Laka da tsatsa gindin shemiz suke taruwa, ga zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yana haura 40.

Gobe in Allah ya kai mu, kai za ka cire kulas ɗin doguwar nan, ina tsaye ina kallo. Woshar suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin teburi. Ka fara biyawa kasuwa da sassafe, ka tafi da tsohon safirin ɗaya a hannunka, ka ce masa na familiyal.