Amsa ga mai tsohon karen da ya ƙi fita cikin ruwa

Wallahi 'yar uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kin ce karenki ya shekara 12, da an fara yayyafi sai ya toge a bakin ƙofa, in ma kin lallaɓa shi ya fita sai ya dawo yana ɗingishi, kina tambaya ko ki tilasta masa ko ki bar shi a ɗaka har damina ta wuce. Kamar labarin karena Duna kike bayarwa. Nawa yanzu shekararsa 13, kuma wannan ce damina ta uku da muke wannan fama ni da shi.

Kada ki tilasta masa, kada kuma ki kulle shi. Na gwada duka biyun, duka na yi da-na-sani. Shekarar da na ce bari in tausaya masa in bar shi a kwance, ba a yi wata guda ba cinyoyinsa na baya suka zube, har ina iya shafa ƙashin kwankwasonsa da hannu. Ashe naman cinyar nan shi ke riƙe gaɓar da ke masa ciwo. Da ya zube sai tashi ma ya zame masa aiki, sai ya yi ta yunƙuri da ƙafafun gaba kamar mai jan kaya. Likitan dabbobi ya ce min amosanin gaɓɓai ne, kuma zama wuri ɗaya ƙara sandarar da gaɓar yake yi. Ki lura da naki, in ya tashi daga barci zai fi ɗingishi, bayan ya ɗan taka kuma sai ki ga ɗingishin ya ragu. Wannan ita ce alamar.

Abin da muke yi yanzu, maimakon doguwar tafiya ɗaya, muna fita sau uku, minti goma-goma. Wata rana ma minti biyar, ya yi fitsari ya shinshina nan da can mu dawo. Ina duban sama kamar manomi. Ruwa ya kan tsagaita, to a wannan ɗan tsakanin nake zarar igiya. In ana zuba shi kamar da bakin ƙwarya ko ana tsawa, ba inda za mu.

Amma bari in gaya miki abin da ya same mu, don har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi. Damina biyu da suka wuce tafiya ta kama ni ta kwana huɗu. Na bar Duna a hannun wani mutum da na yarda da shi, na biya shi, na rubuta masa komai a takarda. Na ce kada ya ja shi, kada ya fita da shi cikin ruwa mai ƙarfi, in sun dawo ya goge shi. Ya ce min "kada ki damu, kare ne fa." Tun daga wannan maganar ya kamata in gane. A rana ta biyu ya fita da shi ana tsakiyar ruwa saboda yana sauri, kare ya toge, ya fizge shi ta wuya, ƙafar baya ta zame a gefen kwata ya faɗa ciki. Bai kira ni ba. Bai kai shi wajen likita ba. Sai ya ɗauko ibuprofen, maganin ciwon jiki na mutane, ya riƙa tura masa safe da yamma, ya kuma ɗaure shi a baranda inda feshin ruwa ke dukansa, wai kada ya ɓata masa ɗaki da taɓo.

Daren da na dawo na tarar da shi a jiƙe sharkaf yana karkarwa. Ya gan ni ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa, bindinsa kawai ke bugun ƙasa. Ga amai a gefensa, kashinsa baƙi ƙirin kamar kwalta. Na durƙusa a cikin ruwan nan na rungume shi ina kuka, shi kuwa mutumin yana tsaye da lema yana ce min ai tsufa ne, lokacinsa ne ya yi. Ni kaɗai na naɗe shi a bargo na ciccibe shi zuwa mota, kare mai kilo 28. Ban san inda ƙarfin ya fito ba. A hanya ina ta kiran sunansa don in ji ko yana numfashi. Sai da likita ya matsa wa mutumin da tambaya a waya kafin ya faɗi abin da ya ba shi. Maganin ya yi masa gyambo a ciki har yana zubar jini, ya kuma taɓa ƙodarsa. Kwana uku ana masa ƙarin ruwa. Jijiyar gwiwar kuwa ta tsinke, har yau da ita yake ɗingishi. Mutumin nan ko sannu bai zo ya ce ba. Daga baya ma na ji yana faɗa wa mutane wai na mayar da dabba mutum. Ni ban nemi ya so shi ba, amana na ba shi. Da ya ɗaga waya ya ce "ga abin da ya faru," da na yafe masa tun a ranar.

Don haka ina roƙonki, duk yadda ɗingishin ya ba ki tausayi, kada ki ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen guba ne ga kare, farasitamol ma ba a ba shi sai likita ya auna. Akwai nasu, irin su meloxicam da carprofen, kuma likitan kirki zai gwada jininsa ya duba ƙoda da hanta kafin ya ɗora tsohon kare a kai. Tunda aka samo wa Duna maganin da ya dace da shi, da kansa yake zuwa bakin ƙofa. Yawancin abin da muke kira taurin kai ciwo ne kawai.

Igiyar wuyan nan ma ki cire ta. Ki nemi ɗamarar nan da ke zagaye ƙirji, in da hali mai mariƙi a baya, yadda in ya zame za ki tallafe shi ba tare da kin shaƙe shi ba. Kafin in samu tawa, tawul nake zurawa ta ƙarƙashin cikinsa in riƙe bakin biyu in taimaka masa a matakala. Ki duba faratansa, in kina jin ƙararsu a kan tayil sun yi tsawo, kuma su ke hana daginsa kama ƙasa. Gashin da ke tsakanin yatsun ma a rage shi. Ni santsi na fi tsoro fiye da ruwan kansa. Jiƙaƙƙen tayil a bakin ƙofa ya fi titi haɗari, na shimfiɗa tsofaffin darduma tun daga ƙofa har makwancinsa.

Ki kuma sa a duba idonsa da kunnensa. Duna ya fara yanar ido, in hadari ya haɗo gari ya yi duhu ba ya bambance ruwan da ya kwanta da rami, sai ya tsaya cak. Na daɗe ina masa faɗa kafin in gane ba ya gani ne sosai, abin da har yanzu yake damuna. Yanzu hanya ɗaya muke bi kullum, wadda ya haddace da hancinsa, kuma shi ke gaba, ni ina bin takunsa. In ya juya, mun gama.

Gogewar jiki in kun dawo kuwa kada ki yi mata ha'inci. Zafin jikin kare tsakanin digiri 38 ne zuwa 39, kuma tsoho ba ya iya riƙe ɗuminsa kamar matashi, musamman in ya rame. Tawul biyu nake ajiyewa a bakin ƙofa, ɗaya na ƙafa da ciki, ɗaya na baya. Ki bi tsakanin yatsu, hammata, da cikin kunne in mai faɗaɗɗen kunne ne, don danshin da ya zauna a wuraren nan shi ke kawo wari da ƙaiƙayi, ki ga yana ta lasar ƙafa har ta yi ja. A nan ne ma nake tsintar kaska, kin san yadda suke yawa da damina. Rigar ruwa tana taimako in ya yarda da ita. Duna ya ƙi mai ƙarar leda, sai da na samo mai laushi, na fara sa masa a cikin gida yana cin abinci har ya saba. Takalman karnuka kam mun gwada, ya ƙara rikicewa, na haƙura.

Wani abu da ban sani ba sai a kwanciyar asibitin nan: kada ki bar shi ya sha ruwan da ya kwanta a hanya. Akwai cutar da ake kira leftosifirosis, fitsarin ɓera ke kawo ta cikin irin wannan ruwan, tana lalata ƙoda da hanta, kuma mutum ma yana iya kamuwa. Akwai rigakafinta da ake sabuntawa duk shekara, ki tambayi likitanki. Ni ina ba Duna ruwa ya sha ya ƙoshi kafin mu fita, sai ya rage kai baki ƙasa. In kin ga zazzaɓi, amai, ƙin abinci, ko farin idonsa ya koma rawaya, kada ki jira gari ya waye.

Ranar da ruwa ya wuni bai ɗauke ba, ina ɓoye masa 'yan guntayen abincinsa a lungunan ɗaki ya yi ta nema da hanci, ko mu yi ta kai da kawowa a baranda a hankali. Yana gajiya, ya yi barci mai daɗi. Sai dai ki rage daga abincin darensa, don duk kilon da ya ƙaru a kan gwiwar nan yake sauka. In ya yi fitsari a ɗaka kuma don Allah kada ki daka masa tsawa.

Ki faɗa min, wace ƙafa ce yake ɗagewa, kuma ɗingishin a hankali ya fara ko rana ɗaya? In rana ɗaya ne bayan ya zame, ki kai shi a taɓa gwiwar a yi hoto tun kafin ki sake fita da shi. Kuma in tafiya ta kama ki a daminar nan, ki bar lambar likitan a hannun wanda zai riƙe miki shi, ki kwashe duk wani maganin mutane daga inda hannunsa zai kai. Ni tun daga waccan shekarar ban sake kwana a wani wuri da damina ba. Allah ya ba naki sauƙi.