Wace allura za a yi wa gwiwar da ta ƙage?

Ɗana, ka tambaye ni kan Hajiyar nan da aka canza wa gwiwa makonni 8 da suka wuce, ga shi har yau ƙafar ba ta lanƙwasuwa zuwa digiri 90, likitan ƙashi kuma yana son ya tanƙwara ta da hannu. Ka ce ko ketamin, maganin sa barcin tiyata, shi kaɗai ya wadatar, tunda aikin na 'yan mintoci ne.

Bai wadatar ba. Ketamin yana kashe zafi, amma ba ya sakin tsoka, wani lokaci ma ƙara ɗaure ta yake yi. Ka tsaya kusa ka ga yadda ake aikin: likita zai ɗaga cinya, ya riƙe ƙwauri dab da gwiwa, yana dannawa sannu a hankali har a ji tabon da ya manne a ciki yana yagewa. Idan tsokar cinya tana turjiya, dole ya ƙara ƙarfi, a nan ne ƙashin cinya ke karyewa ko jijiyar ƙoƙon gwiwa ta tsinke, balle ga dattijuwa da ƙashinta ya yi rauni.

Ni na fi son gajeren barci da furofofol, allurar sa barci ta jijiyar jini, tare da maganin sakin tsoka, muddin ta yi awa 6 ba ta ci abinci ba, kayan numfashi kuma suna hannunka. Allurar baya, wadda ke kashe rabin jiki na ƙasa, ma tana sakin ƙafa sarai, kuma ta dace da mai ciwon huhu. Sai dai kafin ka taɓa bayanta, ka tambaya ko tana kan maganin tsinka jini. In ƙaramin awo na irinsa da ake kira enoksafarin ne, sai an cika awa 12 daga allurar ƙarshe.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan ta farfaɗo. Gwiwar za ta kumbura, ta yi zogi, in ta ƙi motsa ta kwana biyu tabon zai sake kamawa, an yi aikin banza ke nan. Don haka ka kashe jijiyar zafi tun tana ɗakin tiyata. Allurar matsematsi tana kashe zafi sosai, amma tana kashe ƙarfin cinya, Hajiya tana miƙewa sai ta faɗi. Wadda ake yi a tsakiyar cinya da na'urar hoto ta fi, don tana barin ƙarfin ƙafa. Ka haɗa mata da farasitamol da ƙanƙara, sannan ka sanar da masu gashin ƙashi tun yau, su fara lanƙwasa ta a ranar da aka yi aikin.