Hukuncin Horar da Aku da Kai Shi Bikin 'Yan Fashin Teku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina zaune a birnin Tampa na jihar Fulorida a Amurka. Ina da aku da na horar, yana gaisuwa, yana hawa kafaɗata. A nan ana bikin Gasparilla, mutane su yi shigar 'yan fashin teku, kuma ana gayyatata da akun a ɗauki hoto da shi a biya ni. Wani lokaci makarantun yara ma sukan kira ni. Mene ne hukuncin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kiwon aku halas ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa ƙanensa yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) yakan ce masa: "Ya Aba Umair, me ɗan tsuntsun ya yi?" Bai ce a sake shi ba. Daga nan Ibnu Hajar da wasu suka ciro halascin riƙe tsuntsu, kuma Nawawi ya ambaci aku da sunansa cikin tsuntsayen da ya inganta a sayar saboda muryarsu. Akwai malaman da suka ƙi a tsare tsuntsu a keji don jin daɗi kawai, amma hadisin ya fi ƙarfi.

Sai dai halascin yana tafe da nauyi, kuma nan ne na fi so ka tsaya. Mace ta shiga wuta saboda kyanwa da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Aku yakan yi shekara 40 ko fiye a hannun mutum, yana da wayo, yana jin kaɗaici, idan ya shiga ƙunci sai ka ga ya fara tuge gashin ƙirjinsa da bakinsa har fata ta bayyana. Horar da shi da gyaɗa da lallashi ya halatta. Horar da shi da yunwa, ko duka, ko rufe shi cikin duhu har ya saduda, zalunci ne, haramun. Ka kiyaye shi daga piya da cakulan, guba ne a gare shi, da hayaƙin taba wanda ke lalata masa numfashi.

Ka kuma binciki inda ya fito. Akun nan mai ruwan toka da jar jela daga dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya yake, irin su Kamaru da Gana da kudancin Najeriya, kuma a 2016 ƙasashen yarjejeniyar CITES, mai tsara cinikin namun daji da tsirrai a duniya, suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, saboda ƙarewa da yake yi. Masu kamun sukan kwashe 'ya'yan daga gurbi. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai sun ɗauki 'ya'yan wata tsuntsuwa a wata tafiya, ta zo tana ta kaɗa fukafukai, Annabi (SAW) ya ce: "Wa ya tayar wa wannan hankali a kan 'ya'yanta? Ku mayar mata da 'ya'yanta." Don haka in za ka ƙara wani, ka sayi wanda aka ƙyanƙyashe a gida da takardunsa.

Shi kuma bikin, tun 1904 ake yin sa, da sunan wani ɗan fashi José Gaspar wanda babu tabbacin ya taɓa rayuwa. Jirgi yakan shigo ana harba igwa, magajin gari ya miƙa makullin birni, sannan a yi fareti. Wasa a kan kansa ba haramun ba ne, Habashawa sun yi wasa da māsu a masallaci, Nana A'isha tana kallo. Wanda ya ɗaura ɗankwali ya rufe ido ɗaya bai zama ɗan fashi ba, kuma ba zan ɗora masa ayar hiraba (hukuncin 'yan fashi) ta 33 a Ma'ida ba. Amma ba na so Musulmi ya yi ado da kamannin mutanen da Allah ya yi wa wannan narko, musamman tutar ƙoƙon kai. Fashin teku bai zama tarihi ba, matuƙa jirgi a mashigin tekun Gini da gaɓar Somaliya sun ɗanɗana shi a zamaninmu. Mafi ƙarancin hukuncin shigar, a ganina, karhanci ne.

Babban faretin da ake shaye-shaye a fili, kada ka je. Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagaya giya. Ga tsiraici, ga sallar da za ta wuce cikin cunkoso. Kuɗin hoto ba ya wanke wannan, kuma akun kansa ana cutar da shi: ƙarar igwa, hannuwan bugaggu, yini guda a rana.

Taron yara da na makarantu, inda babu giya, ya halatta ka je, kuma abin da aka biya ka halas ne, domin lada ne na aikin da ya halatta. Ka je da kayanka na mutunci, ka sa wa akun ɗamarar da ake ɗaura wa tsuntsaye don kada ya firgita ya tashi, ka tanadi ruwa da inuwa. Da zarar ka ga yana haki ko rawar jiki, ka mayar da shi gida ko da lokacin da aka biya bai cika ba, ka mayar da ragowar kuɗin. Kada ka koya masa ashar don a yi dariya, laifin na mai koyarwa ne. Ayar Alƙur'ani ma kada ka sa a bakinsa, don zai maimaita ta inda bai dace ba.

Wallahu a'alam.