Shugabanmu baya iya taƙaita magana

Tambaya: Anti, shugaban ƙungiyar matasan unguwarmu in ya karɓi makirfo sai yayi ta zuba har mutane su fara zamewa. Ya zan gaya masa?

Amsa: Ƙanena, kar ka kuskura ka gyara masa a gaban jama'a ko a guruf ɗin WhatsApp, kunya ce zata sa ya ƙi ji. Same shi ku biyu bayan taro, fara da abinda yayi daidai, misali yadda ya gaida dattawa, sannan ka kawo gyara ɗaya tak, kace da ya taƙaita bayanin kuɗin gyaran kwalbati a minti 5 da kowa ya tsaya. In ya yarda ka ɗauke shi bidiyo a taro na gaba ya kalli kansa, da kansa zai gano inda yake maimaita magana.