Wai taurarin Starlink ne ke jawo mana ambaliya a Accra?

Tambaya daga wata 'yar uwa a Mamobi: Salamu alaikum malam. An turo wani odiyo a gurup ɗin WhatsApp na unguwarmu, mutumin yana cewa tun da aka fara harba taurarin Starlink ruwan sama ya rikice, wai su ke haɗa hadari su juya shi inda suka ga dama, shi yasa kowace damina ruwa ke shigo mana ɗaki. Yarana ma sun taɓa ganinsu da dare a jere kamar carbi. Gaskiya ne? Kuma ba za su faɗo mana a ka ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara kiyayewa. Abin da yaranki suka gani gaskiya ne, taurarin ɗan'adam ne da ake harbawa don ba da intanet, in aka harba sababbi haka suke tafiya a jere na 'yan kwanaki kafin su warwatsu, kuma hasken rana ne ke dukansu shi yasa an fi ganinsu bayan magariba ko kafin asuba. Amma zancen haɗa hadari kam mai odiyo ya shara ta.

Hadari komai girmansa ba ya wuce kamar kilomita 15 zuwa 18 a sama. Su kuwa taurarin nan wajen kilomita 550 suke, wato kamar ki je Kumasi daga nan ki dawo har da ƙari amma a tsaye, can babu tururin ruwa, iskar ma sai ɗan abin da ba a rasa ba, to da me za su haɗa girgijen? Eh akwai wata dabara da wasu ƙasashe irin Daular Larabawa ke yi ta watsa gishiri cikin girgije don ya zubar da ruwa, amma da jirgin sama ake yi kuma sai girgijen yana nan tun farko. Sannan ki duba shekaru mana, a 2019 aka fara harba Starlink da yawa, shi kuwa bala'in Circle ranar 3 ga Yuni 2015 ya faru, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobara a gidan mai mutum sama da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Wa za mu ɗora wa wannan?

Akwai dai tauraron da ke da alaƙa da ruwanmu, sunansa Meteosat, na Turai ne, kuma aikinsa kallo kawai. Yana kilomita wajen 36,000 a sama, yana zagaya duniya daidai da yadda ita ma take juyawa, don haka kullum yana wuri ɗaya, kuma abin da ke burge ni shi ne wurin nan saman teku ne kudu da Tema, don a kan layin Greenwich yake, layin taswira da ya raba gabas da yamma, shi kuma ta Tema ya bi. Kusan a kanmu yake zaune. Duk bayan minti 10 zuwa 15 yana aiko hoto, irin hotunan nan ne ma'aikatan GMet, wato hukumar hasashen yanayi ta Ghana, ke dubawa su ga hadari ya taso daga gabas, ya baro Najeriya ya ratsa Benin da Togo yana nufo mu, sai su fitar da gargaɗi awa biyu ko uku kafin ya iso. In kin lura guguwar da ke kwashe kwanon rufi yawanci daga gabas take ɓullowa.

To me ya canza? Abu biyu. Na farko zafi ya ƙaru, kuma duk digiri ɗaya da iska ta ƙara tana iya riƙe ƙarin tururi kamar kashi 7 cikin ɗari, ga teku nan kusa tana ba ta, don haka ruwan da a da zai sauko a hankali yanzu yana iya jibgewa cikin awa biyu. Na biyun kuma, wanda ni a ganina ya fi yawa, a ƙasa yake. Mutane da yawa ba su san Accra ba garin ruwa ba ne, abin da muke samu a shekara bai fi kamar rabin na Kumasi ba, amma mu ke iyo. Ruwan da ya sauka tun daga gindin tsaunukan Akuapem da Achimota da Alajo da babbar gotar nan tamu ta Nima duk rafin Odaw yake nufa, daga nan tafkin Korle, sannan teku. Hanya ɗaya ce. Da can akwai fili da fadama da ke shanye wani, yanzu kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti, an yi gini a bakin rafi, ita Odaw ɗin yashi da leda sun cika ta, in kuma aka yi rashin sa'a teku ta cika a lokacin to ruwan bai da inda zai je sai ɗakinki. Kuma mu faɗi gaskiya Hajiya, wa bai taɓa ganin an fito da bola ana juyewa a gota da zarar an fara yayyafi ba, wai ruwa ya tafi da ita? Ba ta zuwa ko'ina, a ƙarƙashin gada ta gaba take maƙalewa, ledar ruwan sanyi kaɗai ta isa.

Faɗowa kuwa yana faruwa amma da wuya ƙwarai. Ƙananan taurari irin na Starlink yawanci ƙonewa suke yi in sun dawo cikin iska, manyan ƙarafan roka ne wani lokaci ke isowa ƙasa, kamar a ƙarshen Disamba 2024 da wani zoben ƙarfe mai kusan kilo 500 ya faɗo ƙauyen Mukuku a Kenya, bai kashe kowa ba. In an taɓa ganin irinsa kar yara su taɓa, kar kuma 'yan gwangwan su ɗauka, a kira 112.

Ni dai abin da zan so ki tura a gurup ɗin shi ne gargaɗin GMet duk ranar da ya fito, musamman daga Mayu zuwa Yuli. In ruwa ya fara shigowa a kashe mita tukuna kafin a fara kwasar kaya, takardu da katin Ghana a sa su a leda a ɗora sama tun yanzu, yara kar su tsallaka ruwa mai gudu ko da iya gwiwa ne don ba a ganin bakin gota, kuma in ruwa ya tare ki a hanya ki nemi tudu, banda rumfar gidan mai.