Karena shina amai da zawon jini, guba aka ba shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni mazaunin Mabera ne a nan Sakkwato, ina da karen gadi shekara ukku da wani abu. Jiya da marece lahiya lau shike, har ya ci sauran abincin bikin da aka yi maƙwabtanmu, shinkafa da miya da ƙasusuwa. Cikin dare sai amai, da asuba na iske ya yi zawon jini ja wur a wuri huɗu, yanzu ko tashi bai iyawa. Na ɗura mishi manja don ana cewa shina kashe guba, na kuma ba shi Flagyl biyu. Dan Allah guba aka sa mishi? Kuma yara na iya ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba shi lafiya. Kafin ka gama karanta wanga bayani ka nemi keke ko mota ka kai shi wurin likitan dabbobi yau ɗin nan, kar ka bari sai gobe. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai na gwamnatin jiha, akwai masu zaman kansu, duk wanda ya fi maka kusa kuma suna iya sa ruwa ta jijiya to shi ne naka. Karen da ya kasa tashi bayan zawon jini ya wuce maganin gida.

Yadda ka ba da labarin nan, babban kare mai lafiya, dare ɗaya amai sannan jini, ya yi kama ƙwarai da wani ciwo da mu likitocin dabbobi muka daɗe muna ce ma HGE, wato kumburin ciki da hanji mai zubar da jini. Yanzu an canza mishi suna zuwa AHDS, wato zawon jini mai zuwa farat ɗaya, saboda da aka leƙa cikin karnukan da kyamara sai aka ga tumbin lafiyarsa lau, ɓarnar duk a hanji take. Kashin kan fito kamar an dama zoɓo da kauri, wani lokaci da majina-majina, wani lokaci kuma ruwan jini tsagwaro. Abin da aka fi zargi wata ƙwayar cuta ce mai suna Kilostiridiyam wadda dama tana zaune cikin hanjin kare, sai wani abu ya motsa ta, canjin abinci kwatsam ko abin bola ko maiƙo mai yawa irin na biki, ta hayayyafa ta saki dafin da ke huda fatar hanji. Shi ya sa bayan babbar salla muke yawan ganin karnuka da ɓacin ciki, an tara musu kitse da kayan ciki da suka kwana cikin zafi an ce gata aka yi musu.

To ga inda nake so ka tsaya ka fahimta, don nan mutane ke kuskure. Kai jinin ne ya tayar maka da hankali, ni kuma ruwan da ya fita tare da jinin ne ke tayar min da hankali. Hanjin da ya huje ruwan jiki yake tsiyayarwa da gudu, sai jinin da ya rage cikin jijiya ya yi kauri kamar kunun da ya sha wuta, zuciya ta kasa tura shi, ƙoda ta kasa samun rabonta, kare ya faɗi. Akwai gwajin kaurin jini da ake ce ma PCV, na lafiyayyen kare tsakanin 37 ne zuwa 55 cikin ɗari, amma mai wanga ciwo sai ka ga 60 ko sama, kare na zubar da jini amma gwaji na nuna kamar jini ya yi mishi yawa. Ruwa ne ya ƙare. Ka ƙara da zafin garinmu, daga Maris zuwa Mayu ana wuce digiri 40, kare kuma ba ya gumi irin namu, haki yake yi, hakin ma ruwa yake ci, abin da zai ɗauki kwana biyu a wani gari nan wuni ɗaya ya ishe shi.

Bari in yi maka lissafi. A ce karenka kilo 15 ne, ya rasa kashi 8 cikin ɗari na nauyinsa a ruwa, lita ɗaya da ɗigo biyu kenan ta tafi. Ga kuma abin da jikinsa ke buƙata kullum ko da lafiya, wajen mil 60 kan kowane kilo, kusan wata litar. Ledar ƙarin ruwa rabin lita ce, ka ga ranar farko kaɗai zai iya shan leda huɗu ko fiye, ban da wanda zai ci gaba da zubarwa. Ta baki ba za ka iya mayar da wannan ba ga karen da ke amai, ko cokali ka ba shi zai dawo da shi. Dirif shi ne maganin, sai allurar tsayar da amai da ta rage ciwon ciki. In an sa ruwa da wuri yawancinsu, sama da tara cikin goma, suna miƙewa, kuma cikin kwana ɗaya zuwa uku za ka ga kamar ba shi ba. Na taɓa karɓar wata karyar farauta da aka kawo cikin buhu daga wani ƙauye ta wajen Kware, mai ita har ya fidda rai, ido ya faɗa, dasashi ya bushe ƙamas, leda ta biyu ba ta ƙare ba ta ɗaga kai, kwana uku ta ci abinci. Da ya ƙara wuni ɗaya yana ɗura mata jiƙo wallahi da gawa zai binne.

Amma fa ba zan yanke maka hukunci daga waya ba, domin a nan ƙasarmu kafin in ce HGE ne sai na kore wasu abubuwa da suka fi shi yawa. Na gaba-gaba shi ne fabo, cutar da ta ɓulla a duniya a 1978 kuma har yau ita ke cinye ƴan kwikwiyo, an fi ganin ta daga sati 6 zuwa wata 6, zawonta da wani irin wari wanda in ka taɓa shaƙa ba ka mantawa. Ba ka faɗa min ko an taɓa yi wa naka rigakafi ba, in ba a taɓa ba to shekara uku ba ta hana shi kamuwa. Akwai ɗan gwajin kashi na mintuna da ke nunawa. Sai tsutsar hanji mai ƙugiya da ke tsotse jini, ita kashin ya fi yin baƙi kamar kwalta, dasashi ya yi fari, PCV kuma ƙasa yake yi ba sama ba. Sai ciwon kaska, wanda ke rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini har kare ya riƙa haɓo. Sai ƙashi, kuma ka ce ya ci ƙasusuwa, dafaffen ƙashin kaza tsagewa yake kamar tsinke yana iya yankar hanji ko ya toshe shi, ka tabbata ka gaya ma likitan wannan don ya lalubi cikin da kyau.

Maganar guba kuwa, kar ka yi saurin zargin maƙwabci, na sha ganin zumunci ya lalace kan abin da daga baya gwaji ya nuna ba guba ba ce. Maganin ɓera irin mai tsinka jini ba ya nuna kansa a daren da aka ci, sai bayan kwana uku zuwa biyar, kuma jinin ba ta kashi kaɗai ba, za ka gan shi a dasashi ko hanci ko fitsari, maganinsa bitamin K1 na makonni. Irin su fiya-fiya kuma dalala da karkarwa da farfaɗiya suke kawowa nan take. Ka dai duba gidanka ko an sa maganin ɓera kwanan nan, in akwai ka tafi da kwalin.

Manjan nan kar ka ƙara, dan Allah. Ba ya kashe guba, kuma karen da ya galabaita in ka ɗura mishi mai yana iya shaƙe shi ya wuce huhu, a samu ciwo na biyu wanda ya fi na farko wuyar magani. Flagyl ɗin ma ka dakata, ka dai gaya ma likita guda nawa ka ba shi da ƙarfe nawa, don in ya yi yawa yana taɓa ƙwaƙwalwar kare ya riƙa tangaɗi. Na san in aka ga jini kowa kafso yake nema, ja da yalo ko allurar kemis, amma a 2011 likitocin dabbobi na jami'ar Munik a Jamus sun raba karnuka masu wanga ciwo gida biyu, wasu aka ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta wasu ba a ba su ba, duka an sa musu ruwa, kuma ba a ga bambanci a warkewarsu ba. Ana ba da shi ne in akwai alamar cutar ta shiga jini, kamar zazzaɓi sama da 39.5 ko fararen ƙwayoyin jini sun faɗi, ko in fabo ne, wannan kuma likita ne zai gani. Wanda ya fi ban tsoro shi ne maganin ciwon jiki na mutane, ibufurofen da diklofenak, su da kansu suna huda tumbin kare su lalata ƙoda, ko guda ɗaya kar a ba shi.

A hanya ka sa shi inuwa, kar a ɗaure shi bayan babur cikin rana. Ka ɗaga leɓensa ka danna dasashi da yatsa, in ya wuce sakan biyu bai dawo ja-ja ba ko ka ji ƙafafunsa sun yi sanyi to ka faɗa musu tun daga ƙofa kar ku tsaya layi. In ya yi awa biyu bai yi amai ba kana iya ba shi ruwan gishiri da sukari irin na yara, cokali ɗaya-ɗaya, in ya dawo da shi ka bari. Ka ɗauki hoton kashin ko ka ɗebo kaɗan a leda, yana taimaka mana sosai.

Game da yara, shi HGE ba ya yaɗuwa zuwa mutum, fabon kare ma ba ya kama mutum. Amma kashin kare mai zawo yana iya ɗauke da wasu ƙwayoyin da ke sa yara gudawa, tsutsar nan mai ƙugiya kuma tana shiga ta fatar ƙafa in yaro na yawo ba takalmi. A kwashe kashin da leda a hannu a zuba masai, a wanke wurin da Hypo ko Jik, murfi ɗaya ga murfi 30 na ruwa, a bar shi minti goma kafin a ɗauraye. Dettol ba ya kashe fabo, kuma ƙwayar tana iya yin watanni har shekara a ƙasa, don haka in gwaji ya nuna ita ce kar ka kawo sabon kwikwiyo gidan sai wanda ya kammala allurarsa, wadda ake farawa daga sati 6 zuwa 8 ana maimaitawa duk sati uku zuwa huɗu har ya kai sati 16.

In Allah ya sa ya tashi, kar a ce ya rame a cika mishi kwano. Farar shinkafa da ta dahu luguf da ɗan dafaffen naman kaza, ba mai ba yaji ba albasa, kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana har kwana uku zuwa biyar, sannan a koma abincinsa a hankali. Nono da madara a jinkirta su. Ka rubuto min bayan kun dawo, ka gaya min nawa PCV ɗinsa ya nuna da sakamakon gwajin fabo, in kuma yana da katin rigakafi ka tafi da shi.